Ingilishi a Bakin 'Yan Jardan: Zamanmu a Waca

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na ƙungiyoyin asusu: Tun bara kuke aiko mana da tambaya ta bakin masu zuwa biki da 'yan cin kasuwa: wai da gaske ne a Nijar ana biyan mutum ya koya wa yaran da ba su daɗe da barin goyo ba Turanci? Wasu kuma suka ce in abin yana ci, su ma za su so ƙungiyarsu ta gwada. To ga amsa a rubuce. A karanta ranar zubi bayan an rufe akwati, mai karatu kuma ta ɗaga murya saboda na bayan tabarma.

Mu uku ne, duka 'yan ƙasar Babura a Jigawa. Biyu aure ya kawo su Waca, ta ukun ta biyo maigidanta da ke sarin riɗi da rake. Dukkanmu mun yi boko a gida, ɗaya har ta riƙe aji a firamare kafin ta taso. Iyakar jarinmu ke nan a harkar.

Hanyar ba ta da wuyar kwatance. Daga Babura sai Babban Mutum, a tsallaka iyaka a Tinkim, sai Magarya. Waca tana arewa maso gabas da Magarya, arewa da Dungas, cikin jihar Damagaram wadda takardu ke kira Zinder. Da aka yanke Dungas daga Magarya a 2011 aka yi mata tata gunduma, Waca ta zauna a ɓangaren Magarya. Amma zumunci da kasuwa ba ruwansu da wannan yankan: mutumin Waca yana da ƙanwa a Dungas, suruki a Guci, abokin ciniki a Maigatari. Wadda ta fito daga wajen Gumel, ta Maigatari za ta shigo ta biyo ta Dungas. Ko ta ina kika biyo, ki ajiye katin shaidarki a jakar hannu, ba cikin ƙullin kaya ba, don za a tambaye shi fiye da sau ɗaya. Shiga ƙauyukan kewaye kuwa aikin babur ne da amalanke, yashi ba ya raga wa ƙaramar mota.

In muka ce muna zaune a ƙasar waje, 'yan gidanmu dariya suke yi. Ina wajen yake? Gaisuwa ɗaya, tuwo ɗaya, kiran salla ɗaya, agogo ma ba a juya shi. Haka ne. Amma ki yi mako guda za ki ga wajen da idonki, yana cikin kuɗi, yana cikin takarda, yana cikin makaranta.

Kafin mu je can, bari mu ɗan tsaya a kan ƙasar kanta, don ta cancanta. Abin da zai fara ɗaukar idonki shi ne gawo. Gonakin gero cike suke da shi, tun daga Magarya har Matamai da Mirya, kuma ba gwamnati ce ta dasa ba, manoma ne suka riƙa barin 'ya'yan da suka tsiro suna gyara su maimakon sarewa. Kun san halin gawo: da damina ya kakkaɓe ganye ya bar wa gero rana da taki, da rani ya yi kore ya ba dabba inuwa da abinci. Sai kuma koramu. Tsakanin jigawan yashi akwai kwari inda ruwa yake kusa da hannu, rijiya ba ta zurfi, a nan ne rake da rogo da dankali da dabino da kayan miya suke. Mutum yana tafiya cikin fari fat, ya gangara kaɗan sai ya faɗa cikin kore shar, iska ma ta canja. Da hunturu amalanken rake sai su yi ta wucewa ta ƙofar gida tun asuba, yara na bin su a baya ko Allah zai sa kara ɗaya ya zame. Matan nan suna da hannu a lambu fiye da yadda muka saba gani a gida, kuma ki riƙe wannan a ranki, don shi ne tushen labarin da za mu ba ku.

Kuɗi kuwa sefa ce, da nata lissafin. Ba a ƙirga ta ɗaya-ɗaya, da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5. Dala biyar 25, dala ashirin 100, dala ɗari 500, jika ɗaya 1,000. Ƙarfen kuɗi yana aiki a nan, yaro zai riƙe dala biyar ya sayo abu da ita. A kasuwa naira ma tana shiga, mai tumatir za ta juya miki lissafin da ka kafin ki buɗe waya.

Waca ba sabon gari ba ne. Ita da Dungas da Mirya tsofaffin ƙasashen Sosebaki ne, masu alaƙa da Barno, kafin Damagaram ta yi ƙarfi ta rinjaye su a ƙarni na 19. Faransawa suka kama Damagaram a 1899. Sannan su da Ingilishi suka zauna suka raba ƙasa a takarda, aka bi daji ana kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Turken da ya bar Babura a kudu ya bar Magarya a arewa, shi ya sa mu muka tashi da Turancin Ingila, 'ya'yan dangin mazajenmu suka tashi da na Faransa. Saboda haka a nan in kika ce kina koyar da Turanci ba ki gama magana ba, za a ce miki wanne? Yawanci in an ce Turanci, Faransanci ake nufi. Namu sunansa Ingilishi. Makarantar boko lakwal ce, malami mushe, malama madam, alli lakire, littafin rubutu kaye. Ajin ƙananan yara kafin firamare, wanda muke ce wa nazare a gida, shi ne jardan.

Jardan ɗin da muke aiki a ciki ba na gwamnati ba ne, na wata ƙungiyar mata ne a unguwarmu, irin tsarin Mata Masu Dubara da CARE ta faro a jihar Maraɗi a 1991. Kun san shi ai, shi ne kakan asusun da yawancinmu ke yi yanzu: akwati mai makulli uku, zubi duk mako, rance ga 'yar ƙungiya, rabo a ƙarshen zango. Matan ba karatu ne ya fara damunsu ba. Lambu ne. Mace za ta fita korama da sassafe, da goyo a baya, da ɗan shekara uku yana jan zane, ga rijiyoyi a buɗe ko'ina. In ta bar shi a gida, yayarsa ce za ta zauna reno, ita kuma lakwal ta wuce ta. Sai suka ce a samu wuri ɗaya da mace ɗaya mai tsaron yaran har azahar.

Da rumfar zana suka so farawa, kamar yadda ake yi wa ajin da ba shi da gini. Sai ga gobarar Yamai a watan Afrilu 2021, wadda ta ci yara wajen 20 a azuzuwan zana, yawancinsu 'yan jardan. Ba a gama jimami ba, a watan Nuwamba na shekarar sai ga ta Maraɗi, yara fiye da 20 kuma. Allah ya jiƙansu. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana zaunar da 'yan jardan a ajin zana. Matan suka haƙura suka yi ginin ƙasa, ɗaki ɗaya mai faɗi da ƙofa biyu. Hajiya shugabar ƙungiya har yau in baƙuwa ta zo, ƙofa ta biyun take fara nuna mata. Duk wadda ke tunanin buɗe irin wannan wuri a gida, ta fara da ƙofofi da inda za a hura wutar kunu, karatu ya biyo baya.

Gini ya tsaya, amma yara ba su cika ba. Iyaye maza ba su ga dalilin biyan kuɗi don a zauna da yaro ba, aikin da a ganinsu uwa ko yaya ke yi kyauta. Nan ne Hajiya ta yi dabara. Ta zo gidan ɗayarmu da kanta bayan la'asar ta ce, "Ƙanwata, an ce kun yi lakwal ta Najeriya. Ku zo ku riƙa sa musu Ingilishi a baki, ko kaɗan ne, mu ga ko mazan za su motsa." Suka kuwa motsa. Cikin mako biyu tabarmi suka kasa.

Kada ku ɗauka son burga ne. Mutumin Waca yana da hujja. Shanunsa da tumakinsa Maigatari suke zuwa ranar Alhamis. Ciraninsa Kano ne, Abuja, Legas, har Fatakwal, inda ya ga yadda rashin Ingilishi yake sa a raina mutum a tasha ko a cuce shi a takardar awo. Buhun taki da kwalin magani da suka shigo daga kudu da Ingilishi aka rubuta su. A lakwal ta gwamnati kuwa yaro ba ya haɗuwa da Ingilishi sai ya gama shekara shida ta firamare ya shiga kwaleji, yara da yawa kuma, musamman mata, ba sa kaiwa can. Daga baya abin ya ƙara nauyi: kundin da hukumomin Nijar suka sa wa hannu a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Tun daga lokacin, ko mai gardama ya daina cewa Ingilishi abin 'yan Najeriya ne.

To me ake yi a ajin? Ga ranarmu. Yara suna zuwa wajen ƙarfe takwas, 'yan shekara uku zuwa biyar, wasu da hawaye, wasu da guntun rake. A wanke hannu da fuska, a yi addu'a, a gaisa. Sai tatsuniya da Hausa, a kuma tambaye su: wa ya zo, me ya ce, da kai ne me za ka yi? Sai ƙirga da ƙwallon dabino da 'ya'yan gawo, a ware manya da ƙanana, a jera, a raba wa mutum uku a ga ko ya yi daidai. Duk da Hausa. Ingilishi yana shigowa sau biyu, kamar minti goma sha biyar kafin kunu, da wasu goma sha biyar bayansa. Rabin awa a yini. Ɗan shekara uku ba ya iya riƙe hankalinsa a kan baƙon harshe fiye da haka, in kika matsa sai ya fara tonon ƙasa ko ya ciji na kusa da shi.

A wannan rabin awa ba zama ake yi ba. Mu faɗi kalma mu aikata, su aikata: tashi, zauna, zo, tafi, taɓa kai, taɓa hanci, tafa hannu. Jiki yana riƙe abin da kunne ya ji. Sai a kawo kayan da suka sani. Wani abin daɗi shi ne yaran nan na bakin iyaka suna da Ingilishi a bakinsu ba su sani ba: bokiti, kofi, tebur, mota, biskit, siket, duk daga can Hausa ta aro su. In muka ɗaga bokiti muka faɗi sunansa yadda Ingilishi ke faɗi, sai su fashe da dariya, a ganinsu madam ce ba ta iya Hausa ba. Daga dariyar nan ake shiga. Harshensu yana sa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, yana haɗa "p" da "f", kamar yadda namu ya yi muna ƙanana. Ba ma tsawata musu. Mu maimaita daidai, mu wuce. Waƙoƙin kuwa da kanmu muke haɗawa, a kan karin wasan gaɗa da suka riga suka sani, mu sa akuya da jaki da kaza a ciki, don ba mu ga amfanin rera wa ɗan Waca waƙar dusar ƙanƙara ba.

Abu ɗaya da muka ƙi yi tun ranar farko, kuma a kansa aka fi yi mana ƙorafi: ba ma koyar da ABCD na Ingilishi, ba ma sa su rubuta shi. Dalilin yana da sauƙi in an zauna an duba. Baƙaƙen iri ɗaya ne a ido, amma sunayensu sun saɓa. Harafin da Ingilishi ke kira "i", wato E, Faransanci ba haka yake kiransa ba, shi I yake ce wa "i". Ingilishi yana ce wa G "ji", J kuma "je". Faransanci ya juya su: G ce "je", J ce "ji". Yanzu ki ɗauki yarinya 'yar shekara shida da ta haddace na Ingilishi tsaf, ki kai ta ajin farko na firamare, wanda ake kira CI. Mushe ya nuna harafi, ta ɗaga hannu da murna ta faɗi abin da madam ta koya mata, a ce ba daidai ba, aji ya yi dariya. Sau nawa za a yi mata haka kafin ta daina ɗaga hannu? Mun gwammace ta je da kunne da baki na Ingilishi, ta bar ido da hannu ga malamin da zai riƙe ta shekara shida. Abin da muke yi na share fagen rubutu shi ne zane a yashi, layi da da'ira, da sauraron sautin farko na kalmar Hausa. Wannan zai yi mata aiki a kowane harshe.

Ku tuna kuma nauyin da ke kan yaron. Hausa a gida, Larabci a makarantar allo da yamma, Faransanci yana jiransa a lakwal, ga mu da na huɗu. In ƙasan bai yi ƙwari ba, duk abin da aka ɗora zai karkace. Ba mu muka fara wannan tunani ba, a nan Damagaram ma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin a shigo masa da Faransanci. Mun kuma ga kishiyar haka a gida. Kowaccenku ta san irin nazaren kuɗi da ake cin yaro tara in ya yi Hausa a aji. Yaro ya dawo yana rera abu tiryan-tiryan, uwa ta ji daɗi, amma ki ce ya ba ki labarin abin da ya faru a hanya, da kowane harshe, sai ya tsaya yana kallonki. A ajinmu mun lura da abu ɗaya da bai taɓa saɓawa ba: yarinyar da ta fi iya mayar da tatsuniya da Hausa, ita ce ke fara cafke Ingilishi.

Ba kowa ya yarda ba. Wata uku da farawa wani magidanci ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya ce, "Madam, ni fa Ingilishi na biya. Yaron nan kullum gizo da ƙoƙi yake kawo mini gida, wannan ai kakarsa ma ta iya." Muka ce, "Gaskiya ne Alhaji, bismilla ka ɗan tsaya daga nan." Aka kira yaron, aka ce masa da Ingilishi ya tashi, ya je ya ɗauko jan kofi, ya kai wa babansa. Ya tashi, ya tsallake shuɗi, ya ɗauko ja, ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya juya kofin a hannunsa, ya ce, "To rubutun fa?" Muka yi masa bayanin G da J. Ya ce zai yi shawara. Yaron bai fasa zuwa ba, amma Alhaji har yau in mun haɗu sai ya ce, "Madam, ina rubutuna?" Wasu biyu kuwa sun cire nasu, suka ce in sun tashi za su kai su Kano. Hakkinsu ne.

Gardama mai zafi a cikin ƙungiyar aka yi ta, ranar rabo. Wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, wadda ba ta da ƙaramin yaro a gida, ta ce a yi mata lissafi. Kuɗin da aka zuba a gini da tabarmi da na madam-madam, da tumaki aka saya aka yi turka, da yanzu kowa ta ga riba a tafin hannunta. "Ingilishin ɗan shekara huɗu," in ji ta, "a wace kasuwa ake sayar da shi?" Ba wadda ta yi dariya, don tambaya ce ta gaske. Wadda ta amsa mata ba mu ba ce, wata mai lambu ce. Ta ce, "Inna, ni ban san Ingilishi ba, ban kuma san ko zai amfane shi ba. Abin da na sani, bana na yi ban ruwa hankalina kwance, ban waiwaya rijiya ba. Na biya rancena kafin lokaci. Yayarsa kuma ba ta fasa lakwal ko kwana ɗaya ba saboda reno." Mata huɗu ko biyar suka ce su ma haka. In kuna son jin ra'ayinmu, nan ribar take. Ingilishi shi ya sa maza suka buɗe aljihu, kuma ba ƙarya muke sayar musu ba, yaran suna samu. Amma abin da ƙungiyar ta saya da kuɗinta shi ne safiyar uwa da karatun yaya.

Inna dai ba ta tashi hannu banza ba, kuma gyaran da ta kawo shi ya tsayar da abin da ƙafarsa. Aka yanke cewa kuɗin jardan ba zai ƙara fita daga uwar kuɗin da ake ba da rance ba. Aka yi masa nasa gwangwani da nasa littafi, masu yara su ke zubawa, ƙungiya tana taimakawa ne kawai daga asusun jin ƙai in maraya ne ko uwa ta kwanta ciwo. Ku yi lissafin da kanku kafin ku fara. A ce yara 30, kowace uwa dala ɗari a wata, jika 15 ke nan. A ciki za a fitar da na masu koyarwa, da sabulu, da ruwa, da sukari. Ba ya isa sai an haɗa da gero: kowace uwa ta kawo nata awo da kaka, lokacin da yake da araha, a ajiye don kunu. Kunun nan kada a yi wasa da shi. Yaron da ya zo da cikin jiya ba ya jin Hausa ma, balle Ingilishi. Wanda ke koyarwa kuma a biya ta ranar da aka ce, ko kaɗan ne, don aikin sa kai yana da wa'adi, daga wata na uku murna take fara sanyi.

Mu abin da muke samu ba zai sayi saniya ba. Yana yi mana zubi, da sabulu, da ɗan abin aika wa tsofaffi. Da yake sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, naira kuma ta yi ta zamewa a 2023 da 2024, abin da yake ƙarami a nan yana ɗan yin auki in ya tsallaka. Zaman waje kuma yana da ranar da yake nuna miki kansa. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024, gidan da ke tafiyar yini ɗaya ya koma kamar Makka. An yi haihuwa da rasuwa a danginmu, ta waya muka yi barka da ta'aziyya. A watannin nan matan ƙungiyar ne suka zame mana dangi, ba su taɓa bari ɗayarmu ta ji ita baƙuwa ce ba, sai dai tsokanar da ba a rasa ba, wai 'yan Najeriya ba su iya dama fura ba.

Da damina ajin yana rufe, kamar sauran makarantu, daga ƙarshen Yuni sai Oktoba. Lokacin ne kuma zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke cika sashen yara na asibitin Magarya, inda likitocin MSF suka daɗe suna aiki. Kafin a tashi hutu muna tara iyaye mata mu tuna musu gidan sauro da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata. Muna kuma matsa wa kowa a kan takardar haihuwa, don ita za a nema in jarrabawa ta zo, kuma neman ta daga baya ya fi wahala da tsada. Ba aikin da aka ɗauke mu ba ne, amma mu ne muke ganin yaran kullum.

Akwai abin da har yanzu yake damunmu, kuma gara ku ji shi. Yaran farko da suka bar hannunmu suna firamare yanzu. Malaminsu ya ce ana gane su: sun iya zama, sun iya sauraro, ba sa tsoron buɗe baki. Amma Ingilishin yana zubewa. Wanda bara yake kawo jan kofi, bana sai ya yi tunani. Shekara shida ba tare da jin harshe ba tana da yawa, kuma ƙaryar banza ce a ce wa uba abin da aka zuba a jardan zai zauna daram har kwaleji. Abin da ya fi saura shi ne kunne da rashin tsoro. Mun kawo shawarar a riƙa tara tsofaffin 'yan ajin ranar Asabar da safe, awa ɗaya. Iyaye maza sun so, iyaye mata sun ce Asabar ranar wanki da talla ce, malamin allo ma yana da nasa lokaci. An ɗage maganar sai rabo mai zuwa, bayan an kai gero rumbu.

Hajiya kuma ta hango abin da mu ba ma son faɗi: matar aure ba ta da tabbacin gari, yau tana Waca, gobe maigida ya ce a koma. Don haka ta kawo mana wata yarinya 'yar unguwa da ta yi kwaleji har ta samu BEPC, tana zama da mu kullum. Ingilishinta na littafi ne, tana jin kunyar faɗinsa da ƙarfi, amma ta fi mu sanin abin da ke jiran yaran a CI, kuma tatsuniya a bakinta sai ka ga ɗaki ya yi tsit. Yanzu ita ke riƙe minti goma sha biyar na bayan kunu ranar Talata da Alhamis, mu muna daga baya.

Ƙungiyar da ke son ganin abin da idonta, ta turo mutum biyu, ma'aji da wata mai ƙaramin yaro. Ku zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin aji yana cike, hanya ta bushe, rake kuma ya nuna. Ku taho da rigar sanyi, don sanyin korama da asuba ba irin na gida ba ne, ku kuma canji kuɗinku tun a Magarya. Masauki yana wajenmu.